Jirgin da aka raba da ruwa, har yanzu jirgi ne? Muhawara kan Robin na 1890

Sadiq_Landan:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ranar Asabar na fita da 'yata Ummi zuwa wani lungu a gabashin Landan da ake kira Trinity Buoy Wharf, daidai inda wani rafi mai suna Bow Creek yake faɗawa cikin kogin Thames. Tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa muka je gani, sai muka tarar da wani abu da har yau ya ƙi fita daga raina. Wani ƙaramin jirgin ruwa ne mai aiki da tururi, sunansa Robin, irin na dakon kaya masu bin gaɓar teku daga wannan tasha zuwa waccan. A 1890 aka ƙera shi, a bakin rafin nan, 'yar tafiya kaɗan daga inda yake yanzu. Tsawonsa ƙafa 143, kimanin mita 44 ke nan. A irinsa, duk duniya babu wanda ya girme shi da ya rage cikakke da injinsa na asali.

To amma ba a cikin ruwa yake ba. Ɗauke shi aka yi ɗungurungum aka aza a kan wani faffaɗan dandamalin ƙarfe. Dandamalin ne ke kan ruwa, shi kuwa yana bisa a bushe, har farfelarsa kana gani a sarari. Na daɗe ina kallon jikinsa, kawunan ƙusoshi a jere layi-layi kamar ɗinkin hannu, ga lotsawa nan da can inda ya sha karo da bakin tasha. Ummi ta ja hannuna ta ce, "Baba, yaushe za a mayar da shi ruwa?" Na ce mata ba za a mayar ba. Ta ce, "To ai ba jirgi ba ne ke nan."

Wallahi maganar yarinyar nan ta shige ni. Ni ma haka zuciyata ta raya mini: ba ceto shi aka yi ba, likkafani mai tsada aka yi masa. Masana na cikinmu, me kuka gani?

Hajiya_Turai:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya mana Ummi, ya yi mata albarka. Yaro ba ya rufa-rufa, abin da ya gani shi yake faɗa. Bari dai mu ji ta bakin masu sanin ƙarfe.

Dan_Yauri:
Malam Sadiq, ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ni ɗan masu fito ne, a bakin Kwara na buɗe ido. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ko damina ta wuce aiki ya yi sauƙi ba ya yarda a jawo jirginsa tudu ya wuce 'yan kwanaki. Rana za ta buge shi, katako ya ja jiki, haɗin ya buɗe, ranar da ka mayar da shi ruwa sai ka wuni kana kwarfa da ƙwarya. In kuwa ka ga an kife jirgi a kan tudu an bar shi, to ka sani nan da shekara matan gida za su fara ɓantarar sa suna hura wuta. Abin ruwa a ruwa yake rayuwa. Kifi ne, in ka fitar da shi sai dai ka kira shi banda.

Injiniya_Kabiru:
Ɗan'uwa Dan_Yauri, maganarka gaskiya ce a kan katako, amma a kan ƙarfe juye take. Katako ruwa ke kumbura shi ya toshe kafa. Ƙarfe kuwa ruwan gishiri cin sa yake yi dare da rana, daga waje da kuma daga ciki, inda danshi ke kwanciya a ƙasan rumbun kaya. Faranti da ya shekara fiye da ɗari yana shan wannan, wani wurin ya zama kamar takarda.

Waɗanda ke riƙon jirgin zaɓi biyu suka fuskanta. Ko dai a yanke farantan da suka cinye a sa sababbi da walda domin ya ci gaba da zama a ruwa, wanda ke nufin babban ɓangare na jikin 1890 ya tafi bola. Ko kuma a cire shi daga ruwan a tsayar da tsatsar, a riƙe ainihin ƙarfen da hannun mutanen wancan zamani ya buga. Suka ɗauki na biyu. A 2008 aikin sabuwar tashar jirgin ƙasa ta Canary Wharf ya tashe shi daga West India Quay, wata tashar ruwa a Landan inda ya yi shekaru, aka ja shi zuwa garin Lowestoft a gabashin Ingila aka yi masa gyara, a 2010 aka ɗaga shi aka ɗora kan dandamalin nan. Ƙusoshin da suka burge ka, Malam Sadiq, da an bi shawararka da yawansu ba za ka same su ba.

Mai_Nazari_KN:
Kafin a yi nisa bari in ɗan shimfiɗa tarihin, saboda masu shigowa daga baya. Kamfanin Mackenzie, MacAlpine ne ya ƙera shi a wata ma'aikata da ake kira Orchard House Yard. Tagwaye aka yi, shi da ɗan'uwansa Rook, duka sunayen tsuntsaye ne: robin ɗan tsuntsu ne mai jan ƙirji, rook kuma dangin hankaka. Da aka gama gangar jikin sai aka kai shi Dundee a Sikotland, kamfanin Gourlay Brothers ya sa masa inji da tukunya. A Disambar 1890 ya yi fitarsa ta farko daga Liverpool zuwa Bayonne a Faransa, da ma'aikata 12.

Abin da ya yi ta ɗauka a shekaru goman farko ba kayan alfarma ba ne. Hatsi, tama, tarkacen ƙarfe, itacen tokare ramin haƙar kwal, farar ƙasar da ake yin tangaran da ita, ƙarfen titin jirgin ƙasa, gangunan kifi, duwatsun gini. Ku ɗauke shi kamar tsohuwar roka mai bodin katako da ke lodi yau a Dawanau, gobe a Maigatari. Ɗaruruwan irinsa ne ke bin gaɓar Ingila da Ailan da Faransa a lokacin, suna shiga ƙananan tashoshin da manyan jirage ba sa iya shiga. Ba wanda ya ɗauke su abin ajiyewa, shi ya sa suka ƙare. Jirgin sarki ko na yaƙi ana ajiye shi don suna. Na talaka, in ya tsufa, a yanka a sayar a kilo.

Lawal_Bilbao:
Malam Mai_Nazari, ka tsaya daidai inda nake jiran ka. Kowa a nan yana ta Robin, Robin. Shekara nawa ya yi yana aiki da wannan suna? Goma. A 1900 aka sayar da shi ga wasu 'yan kasuwa na Ribadesella a arewacin Sifen, suka raɗa masa Maria. Da sunan nan ya yi shekara 74 yana dako. Daga 1913 yana hannun wani kamfanin iyali na Santander, yana jigilar kwal daga Gijón, kuma a hannunsu ya zauna fiye da shekara hamsin. Lokacin yaƙin duniya na farko ya yi ta kai ƙarfe Bayonne da Bordeaux da rakiyar jiragen yaƙi saboda tsoron jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus. Yaƙin basasar Sifen ya bi ta kan tashoshinsa ɗaya bayan ɗaya a 1937, Bilbao, Santander, Gijón, ya fito da ransa. Sai a 1966 ma aka daina hura masa kwal aka mayar da tukunyar mai shan mai.

Ni nan nake zaune shekara goma sha ɗaya, kuma na san tekun nan. Da sanyi in ka tsaya a bakin gaɓa ka ga yadda igiyar ruwa ke dukan katangar tasha har feshin ya tsallake ta, za ka jinjina wa mutanen da suka yi ta ratsa ta a cikin abu mai mita 44. Su ne suka raya jirgin nan. Ba don tarihi suka yi ba, don abinci suka yi: a fenta, a ɗaure, a toshe, a sake fita. Ingila ta haife shi ta sayar, Sifen ta yi renonsa har ya tsufa. Da 1974 ta zo ya sauke kayansa na ƙarshe a nan Bilbao ana shirin yanka shi, sai Maritime Trust, wata ƙungiyar Birtaniya mai adana tsofaffin jiragen ruwa, ta saye shi, ya koma Ingila da ƙarfin injinsa, aka goge Maria aka rubuta Robin. Ni wannan gogewar ta fi yi mini ciwo a kan batun dandamali.

Sadiq_Landan:
Ikon Allah. Yaya Lawal, wannan ban yi tunaninsa ba ko kaɗan. Ashe lotsawar da na tsaya ina kallo, akasarinta a wajenku ya samo ta. Kuma ka lura da abin da ka faɗa: yana da shekara 84 ya ƙetaro teku da ƙafarsa. Wannan ne ke ƙara sa ni jin zafin ganin sa a zaune.

Zee_Gombe:
Don Allah a yi mini uzuri, ni ɗaliba ce. Yaya tururi kawai zai tura jirgi da lodin duwatsu? Kuma me ya sa ake ta yabon injin nasa?

Baba_Mai_Tukunya:
'Yata Zee, zo kusa, wannan fagena ne. Ban taɓa aiki a jirgin ruwa ba, amma na yi shekara 26 ina kula da tukunyar tururi a wata masaƙa a Kaduna, kuma tururi ɗaya ne ko a tudu ko a teku.

Ki ɗora tukunya a wuta ki danne murfin, me kike gani? Murfin yana rawa. To wannan rawar ita aka kama aka sa aiki. Ana hura wuta a ƙarƙashin ruwan da aka kulle, tururi ya taru da matsi mai tsanani, a buɗe masa hanya ya shiga silinda ya tura fistin, fistin ya juya sanda, sanda ta juya farfela. Injunan farko, da tururi ya yi turi ɗaya sai a rabu da shi, alhali da sauran ƙarfi a jikinsa. Irin na jirgin nan silinda uku gare shi. Tururin yana fara shiga ƙarama da zafinsa da fushinsa. Ya fito ya ɗan huce ya kumbura, sai a kai shi ta biyu wadda ta fi faɗi. Ya fito ya ƙara laushi, a kai shi ta uku, babbar cikinsu, domin abin da ya rasa na ƙarfi a rama shi da faɗin wurin turi. Daga nan a bi da shi ta kan bututan da ruwan teku mai sanyi ke gudana a ciki, ya koma ruwa, a mayar da shi tukunya. Ba a son ruwan gishiri a tukunya, yana daskarewa ya yi ɓawo, ɓawon ya hana zafi ratsawa, ƙarfe ya ƙone.

Ribar ita ce kwal. Kwal kaɗan, tafiya mai nisa, kuma wurin da za a cika da kwal sai a cika shi da kayan da za a biya kuɗinsu.

Amma ki tuna da mutumin da ke ƙasa. Shebur a hannu, ƙofar wuta a buɗe a fuskarsa, jirgi yana tangaɗi, shi kuma dole ya watsa kwal ya bazu daidai, ya farfasa dunƙulen da ya narke, ya kwashe toka, ido ɗaya a kan gilashin da ke nuna tsayin ruwa. In ruwan nan ya sauka ƙasa da layi ba ka lura ba, ba kai kaɗai za ka tafi ba.

Issoufou_Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yanzu na gane. Kamar shayinmu ne: ganye ɗaya, dahuwa uku. Na farko mai ɗaci da ƙarfi, na biyu daidai, na uku mai laushi, kuma ba a zubar da ganyen sai an tatse shi tas.

Baba_Mai_Tukunya:
Haka yake, ɗana Issoufou, ka fi ni iya faɗa.

Tunda an taɓo ni, bari in faɗi inda na tsaya a kan tambayar Sadiq. Da aka rufe masaƙarmu, bayan wasu shekaru na koma neman wata takarda. Na leƙa ɗakin tukunya. Na tarar da yara uku da gas suna yanka ta. Tukunyar da nake shafawa da hannuna in san lafiyarta, wadda na san kukanta in tana jin ƙishi. Agogon matsinta na tagulla yana yashe a ƙasa an taka gilashin. Na roƙi mai sayen ya bar mini shi, ya ɗora a sikeli ya faɗi kuɗinsa, na biya. Yana nan a ɗakina.

Saboda haka ni ba zan ce wa mutanen da suka ɗora jirginsu a kan dandamali sun kashe shi ba. Na ga yadda kisa yake. Da an ɗora tukunyata a kan wani abu an ce jikokina su zo su gani, ko ba za ta sake yin zafi ba har abada, da na yi musu addu'a.

Hajiya_Turai:
Allah sarki Baba. Wallahi har na yi ƙwalla.

Abba_T/Wada:
Ni fa ku gafarce ni. Muna da ganuwar Kano tana zubewa, muna da kayan tarihinmu a gidajen ajiyar Turai, mun zauna muna jimamin jirgin Turawa. Mene ne haɗinmu da shi?

Malama_Rabi_Ilorin:
Ƙanena Abba, da wannan jirgin kansa ba mu da haɗi, bai taɓa zuwa Afirka ta Yamma da lodi ya sauke mana ba. Amma tambayar da Malam Sadiq ya yi tamu ce, domin mu ma muna da gawar jirgin tururi a gida, wadda ta girmi Robin da shekara 33.

A 1857 wani ƙaramin jirgi mai suna Dayspring ya hauro Kwara. A cikinsa akwai likita William Baikie, da malamin mishan Samuel Ajayi Crowther, da wani hafsan ruwa John Glover. A watan Oktoba ya daki dutse kusa da Jebba ya farfashe. Mutanen suka tsira, suka yi zaman kusan shekara a bakin kogi kafin wani jirgin, Sunbeam, ya zo. Daga baya an tsamo farfelarsa da wasu ƙarafan injinsa aka ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba, kuma suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa.

Ina yarinya mahaifina ma'aikacin reluwe ne, duk tafiyarmu Kano ta Jebba muke bi. Na tuna wata rana jirgi ya daɗe a tsaye, ya riƙe hannuna ya kai ni wajen ƙarafan nan. Masu tallar kifi da rake suna zaune a gefe, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su. Ya ce in taɓa, na taɓa, rana ta gasa ƙarfen har na janye hannu. Ya ce, "Wannan ya riga jirgin ƙasa zuwa nan da fiye da shekara hamsin." Ban gane nauyin maganar ba sai da na fara koyar da tarihi. Yau in na tambayi aji ɗaya, da wuya in sami mutum biyu da suka taɓa jin sunan.

Mai_Nazari_KN:
Malama, Allah ya saka da alheri. Ƙari kaɗan: Dayspring na kogi ne da bincike, aikinsa daban da na Robin, kada ɗalibai su haɗa su. Amma Abba, ga haɗin da kake nema. Glover ɗin nan da jirgi ya fashe da shi, shi ne ya zo ya riƙe mulkin Legas, kuma a 1863 ya kafa 'yar rundunar Hausawa, da yawansu mutanen da suka kuɓuta daga bauta ne. Daga wannan runduna ake jawo asalin sojan Najeriya. Baikie kuma shi ya zauna a Lakwaja ya mayar da ita cibiyar ciniki, ya koyi Hausa har yana rubutu da ita.

Abba_T/Wada:
To na karɓa. Amma maganar ganuwa tana nan, ban janye ba.

Tijjani_Apapa:
Kada ka janye, gaskiyarka ce. Sai dai in ana neman 'yan'uwan Robin na haƙiƙa a ƙasarmu, ba a Jebba suke ba, a nan bakin teku suke. Kafin a gina katangun duwatsun da suka buɗe mashigar Legas, yashi ya tare bakin, manyan jiragen Turai ba sa iya shiga. Sai su tsaya a waje, ko su wuce Forcados su sauke kaya masu nauyi, ƙananan jiragen tururi marasa zurfin ciki su kwaso su tsallako da su Legas. Sai a 1914 babban jirgin wasiƙu ya fara shigowa ciki. Bayan nan kuma, da aka fara haƙar kwal a Inugu aka ja layin dogo zuwa Fatakwal a 1916, jirage ne ke ɗauko kwal ɗin ta gaɓa su kawo Legas don jiragen ƙasa da wutar lantarki. Aikin da Yaya Lawal ya ce Maria na yi tsakanin Gijón da Santander, shi ne sak.

Ina aiki a tashar nan shekara goma sha tara. Abin da na saba gani shi ne jirgi ya tsufa a ja shi gefe, ya jingina, ya cika da ruwa, wata rana 'yan gwangwan su zo da gas. Shi ya sa da na karanta bayanin Malam Sadiq, abin da ya fara zo mini shi ne, ashe ana iya yin haka.

Admin_Garba:
Jama'a, zance ya yi daɗi amma mun bar Landan mun kai Inugu. Tambayar tana nan: jirgin da aka raba da ruwa, an cece shi ko an kashe shi?

Dan_Yauri:
Na gode shugaba. Injiniya, na ji bayaninka na tsatsa kuma na yarda ka fi ni sanin ƙarfe. Amma ga abin da ban gane ba. Jirgin mahaifina ya yi shekara kusan talatin. A tsawon nan babu katakon da ba a sauya ba, wani ma sau biyu. Duk garin ba wanda ya taɓa cewa ba jirgin Sarkin Ruwa ba ne. Abin da ya sa yake jirginsa shi ne kullum da safe yana ƙetare da mutane da awaki da buhunan albasa. Su ma mutanen Sifen ɗin nan, a shekara 74 ai sun yi ta faci. Me ya sa facinsu ya zama tarihi, facin yau kuma ya zama ɓarna?

Injiniya_Kabiru:
Wannan tambaya ce mai ƙarfi, kuma akwai masu ra'ayinka a can ma. Akwai wani jirgin fasinja a Sikotland, Waverley, mai tafiya da ƙafafun fitila a gefe maimakon farfela, ya fara aiki a 1947. A 1974, shekarar da Robin ya koma gida, aka sayar da shi ga masu son adana shi a kan fam ɗaya. Har yau yana ɗaukar mutane a teku, kana iya tsayawa ka kalli injinsa yana juyawa. Amma an sauya masa tukunya fiye da sau ɗaya, ta baya-bayan nan a 2020, an sake sassa da yawa na jikinsa. Abin da ke riƙe da shi tikiti ne da gudummawa. Robin jirgin kaya ne, ba shi da wurin zaman fasinja, wa zai ba shi lodi yau ya biya kuɗin gyaransa?

Game da faci kuwa, bambancin shi ne na da an yi shi ne jirgi yana kan sana'arsa, kaɗan-kaɗan. Na yau zai zo ne a lokaci guda da ƙarfen zamani da walda. Ƙusar 1890 kuwa a wuta ake gasa ta har ta yi ja, a zura a rami, mutum ɗaya ya tokare ta ciki, wasu su dake ta da guduma ta waje, in ta huce ta tsuke ta matse farantan biyu. Wannan aikin hannu ne da ya kusa ɓacewa. In ka yanke shi, ba ka da inda za ka nuna wa yaro yadda aka yi.

Zee_Gombe:
"Ƙafafun fitila" kuma, Injiniya?

Injiniya_Kabiru:
Afuwan, waya ce ta sauya mini. Ƙafafun filafilai nake nufi, manyan da'irori biyu a gefen jirgi masu allunan da ke dukan ruwa.

Lawal_Bilbao:
Injiniya, hujjarka ta dawo wajena. In dalilin ɗora shi a dandamali shi ne a riƙe gaskiyar jikinsa, to gaskiyar jikinsa ta haɗa da shekara 74 na Maria. Ba na cewa a cire Robin, sunan yanka ne. Amma wanda ya ci sunan aiki tsawon rai, bai kamata baƙo ya zo ya tafi bai ji shi ba. Ga Malam Sadiq nan ya je har wurin, a nan zauren ya fara ji.

Sadiq_Landan:
A yi wa masu wurin adalci, Yaya Lawal, ban tsaya karanta allunan bayani ba, Ummi tana ta ja na ga sanyi. Ba zan ɗora musu laifin gaggawata ba.

Hajiya_Turai:
Ni ba injiniya ba ce, amma ina da rigar kakanmu, saƙi ce mai aska takwas, ta fi shekara tamanin. Yayana ya so ya riƙa sa ta da Sallah. Shekara biyu ya sa, kafaɗar ta fara rabewa. Mai ɗinki ya ce zai iya sauya ƙyallen ya mayar da aikin zaren a kan sabo. Muka yi ta gardama a gida kamar yadda kuke yi yanzu. A ƙarshe na karɓe ta na naɗe a adaka da kanumfari. Yayana har yau yana cewa na binne ta. Ni kuma duk lokacin da na buɗe na ga inda gumin wuyan tsohon ya rina zaren, sai in ji daɗin ban bari an taɓa ba. Amma kuma ranar Sallah in na gan shi da shadda, sai in tuna yadda rigar take buɗewa in ya ɗaga hannu, in ji wani iri. Har yau ba mu daidaita ba.

Dan_Yauri:
Hajiya, gaishe da Yaya, ki ce masa yana da ɗan'uwa a Yauri.

Sadiq_Landan:
Na karanta wa Ummi abin da kowa ya rubuta, har labarin tukunyar Baba. Ni kaina na sassauta, ba zan ƙara cewa likkafani ba, maganar Baba ta hana ni. Amma ban kai ga cewa daidai aka yi ba, don har yanzu in na tuna ya dawo gida da tururinsa a 1974, sai in ji da ma an bar masa ko da fita ɗaya a shekara. Ummi kuwa tana nan kan bakanta. Ta dai ce in tambayi Kawu Lawal ko a can akwai tsofaffin da suka yi aiki a cikinsa. In sha Allahu za mu koma in an sami rana, wannan karon mu karanta komai.

Lawal_Bilbao:
Ka ce wa Ummi wanda yake saurayi a cikinsa a 1974 yanzu ya haura saba'in, ba abin mamaki ba ne a samu. Akwai gidan tarihin jiragen ruwa a nan bakin kogin Bilbao, zan shiga ranar hutuna in tambaya.

Baba_Mai_Tukunya:
Sadiq ɗana, in kun koma kuma aka bar ku kuka shiga ciki, ka sauka ɗakin inji. Ka ɗauko mini hoton silindodin nan uku daga sama, yadda za a ga bambancin faɗinsu, da gilashin ruwan tukunya in yana nan. Ka matsa kusa sosai, idona ba kamar da ba.